Abin da Sakari Rova Ya Sha

Ranar Talata ce a ƙarshen watan Yuli na shekarar 1946, kuma zafin da aka yi ranar ban ƙara ganin irinsa a ƙauyenmu ba. Iska ta tsaya cak. Ko sauro, da ke cin mu ɗanye a lokacin yankan ciyawa, ranar sun lafe a ƙarƙashin ganye. Duk mai ƙarfi a Sammalniemi yana fadama da laujensa, don ciyawar da aka yanka a makonnin nan ita shanu za su ci wata takwas na sanyi. Ni ina wannan gaɓar tafki tare da mahaifina, maƙwabcinmu Sakari Rova yana waccan gaɓar shi kaɗai, a fadamar da ubansa ya bar masa.

Wajen sha ɗaya na safe muka ji ƙara kamar ana keta sabon yadi, sannan wani tim mai nauyi. Itatuwa sun tare mu, ba mu ga komai ba. Da muka isa bakin ruwa sai muka tarar tafkin ya koma baƙi da laka, ciyayin ƙasan ruwa suna yawo a sama da saiwoyinsu. Sakari ne kaɗai ya ga abin da ya faɗa. Ya tuƙo kwale-kwalensa ya zo, fuskarsa fari fat, ya ce wani abu ne ruwan toka, tsawon kwale-kwale biyu, ba fiffike ba hayaƙi, ya zo ƙasa-ƙasa daga yamma, ya karkata kamar mai neman wurin sauka, ya nutse. Sau ɗaya ya faɗa mana haka, a tsaye, lauje na hannunsa.

Damanar nan ana ta ganin irin waɗannan abubuwa a arewacin Sweden, wasu na cewa makaman roka ne na maƙwabtanmu na gabas. Saboda haka mahaifina ya ce a sanar da hukuma, aka aika wa ɗan sandan gunduma.

Shekarun Sakari ashirin da shida a lokacin. Yana zaune da mahaifiyarsa da shanu huɗu, da hunturu yana sarar itace, da bazara yana tura gungume a kogi. Ba mai yawan magana ba ne, amma Allah ya ba shi murya. A ɗakin addu'armu shi ke ɗaga waƙa, kuma dattawa sun fara ba shi littafin wa'azi ya karanta idan mai wa'azi bai zo ba. Jama'armu ba sa wasa da giya. Kakanninmu ita ta cinye musu gonaki, da barinta aka kafa ɗakin addu'ar. Sakari ko ƙamshinta bai sani ba.

Yayarsa Hilja tana auren Vilho, wanda ya yi shekara biyar a garin haƙar ƙarfe ya dawo da yaren Sweden a bakinsa tiryan-tiryan. Mu sauran yaren Finlan muka tashi da shi, na gwamnati kuwa ɗan abin da aka dura mana da bulala a makaranta ne. Vilho mutum ne mai barkwanci, kuma ƙanin matarsa shi ne abin tsokanarsa. Da yammar ranar ya tare shi a bakin rijiya ya ce, “Ɗan'uwa, kai da ko jirgin ƙasa ba ka taɓa gani ba, na sama ya biyo ka har fadama? Ko dai rana ce ta dafa maka kai?” Sakari ya yi murmushi ya wuce da bokitinsa.

Bayan kwana uku sojoji suka zo a mota biyu. Suka haɗa katako suka yi dandamali a kan ruwa, suka yi mako uku suna soka dogayen sanduna cikin laka. Hafsansu, wani dogo mai farin gashin gira, ya mai da ajin makaranta ofishinsa. Nan ya kira Sakari. Hafsan ba ya jin yarenmu, sai ya zo da wani soja mai tafinta, wanda aka ce a birni ya koyi yaren. Sun yi awa biyu a ciki. Da Sakari ya fito na tambaye shi yadda aka ƙare, ya ce an sa shi ya sa hannu a takarda, ya kuma ɗaga hannu ya rantse ba zai ƙara faɗa wa kowa abin da ya gani ko abin da aka tambaye shi ba. Bayan shi aka kira Vilho. Shi bai buƙaci tafinta ba, bai fi rubu'in awa ba ya fito yana dariya da hafsan a bakin ƙofa. Mutane da yawa sun ga wannan dariyar.

Sojoji suka kwashe kayansu suka tafi, ba su ce sun samu wani abu ba, ba su ce ba su samu ba.

Da kaka, bayan an tone dankali, magana ta shigo ƙauye. Wata 'yar garinmu da ke aikin girki a gidan ɗan sandan gunduma ta ji maigidan yana gaya wa baƙonsa cewa batun tafkin Sammalniemi an rufe shi, don takardar soja ta ce mutumin da ya gani a buge yake. Ta gaya wa uwarta. Kafin Lahadi babu gidan da bai ji ba.

Dattijo Anttila, shugaban jama'armu, ya kira Sakari bayan addu'a, gaban mu maza kamar goma. Ba da faɗa ya yi masa ba. Ya ce ɗan Adam ajizi ne, zafi ya yi yawa ranar, Shaiɗan kuma ya fi son mutum in yana shi kaɗai. A wurinmu abin mai sauƙi ne. Mai laifi ya miƙe cikin taro ya faɗi laifinsa, ya nemi gafara, jama'a su amsa masa an gafarta cikin sunan Yesu, shi ke nan, ba mai ƙara tayar da maganar har abada. Mun ga an yi wa ɓarawon ragar kamun kifi haka, mun ga an yi wa wanda ya fi shi.

“Ka miƙe ka faɗa, ɗana,” in ji Anttila. “Numfashi biyu ne ya wuce.”

“Baba, ban sha ba.”

“To me ya sa gwamnati ta rubuta? Me ka gaya musu?”

“Na rantse ba zan faɗa ba.”

“Ka rantse wa mai kaki, mu da muka riƙe ka ranar baftisma ka rufe mana baki?”

Sakari ya ce in ya nemi gafarar abin da bai yi ba, ya yi ƙarya ke nan a gaban Allah, kuma wannan ƙaryar wa zai gafarta masa ita? Anttila ya daɗe yana kallonsa, ya ce girman kai ya fi giya bugarwa. Ya sa hannu ya karɓi littafin wa'azi.

Ba a kore shi ba, mu ba ma kora. Gaisuwa kawai aka canza masa. Mu masu bi in mun haɗu, “Amincin Allah” muke ce wa juna, baƙo da mai sayar da inshora kuwa “barka da rana” ta ishe su. Daga makon nan Sakari ya koma ɗan barka da rana. Mutanen da suka yi makaranta tare da shi, matan da suka goya shi, kowa ya bi. Ni ma na bi, na yi kusan shekara biyu ina bi, ba zan ɓoye ba. Yarinyar da yake nema, Lempi, ta aiko masa da zobensa ta hannun ƙanwar uwarta. Bai ƙara neman wata ba.

Abin da ya ci masa rai shi ne bai san daga ina maganar ta fito ba. Shi dai ya san abin da ya faɗa a ajin nan, ya juya shi a ransa sau dubu bai ga giya a ciki ba. To wa ya faɗa? Mutum ɗaya aka kira bayansa, mai jin yaren hafsa, mai cewa rana ta dafa masa kai, wanda ya fito yana dariya. Sakari ya ɗora wa Vilho. Bai yi masa faɗa ba, ya dai daina ganinsa. In suka haɗu a kan gada sai ya kalli ruwa.

Vilho ya zo har tsakar gidansu sau uku. Na ji na ukun ta kan shinge. Ya ce, “Kai taurin kanka ya fi na gatari. Wallahi alheri na faɗa a kanka, ba don ni ma sun rantsar da ni ba da na maimaita maka kalma-kalma.” Sakari yana faskare, bai ɗago ba. Vilho ya ce to, Hilja na gaishe shi, ya tafi. Daga nan Hilja ma ta rage zuwa, sai in an ce uwarsu ba lafiya.

Tun shekarar Sakari ya fara rubuta wasiƙa. Matar gidan waya ke gyara masa yaren. Ba ya tambayar me ya faɗa tafki, wannan bai dame shi ba. Roƙonsa ɗaya ne, a nuna masa takardar da aka rubuta a kansa, ya ga wa ya ce ya sha. Kowace shekara in an gama shigar da ciyawa sai ya aika ɗaya. Amsar kan zo bayan wata biyu ko uku, layi huɗu, cewa takardun sirri ne saboda tsaron ƙasa. Sa hannun ne kawai ke canzawa. Wata shekara suka ce babu irin wannan takarda. Shekarar da ta biyo suka ce akwai, amma sirri ce. Yana tara amsoshin a cikin gwangwanin biskit.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Mahaifiyarsa ta rasu, a wurin addu'ar jana'izarta ya zauna a bencin baya, wani ya ɗaga waƙa. Aka kawo lantarki, aka daina tura gungume a kogi, matasa suka watse kudu. Ya sayar da shanun ɗaya bayan ɗaya. Bai daina zuwa ɗakin addu'a ba, kowace Lahadi yana bencin baya da hularsa a gwiwa, amma muryar nan ba mu ƙara jin ta ba. Yaran da aka haifa daga baya sun taso sun ji ana kiransa Mai Roka, ba su ma san dalili ba. Anttila ya rasu yana kan bakansa.

A shekarar 1971 ciwon huhu ya kwantar da Vilho, ƙurar ma'adinai ce ta biyo shi. Ya aika a kira masa Sakari. Sakari ya sa rigar Lahadi, ya taka har ƙofar gidan da rana tsaka, ya tsaya a tsakar gida kusa da tarin itace. Hilja ta leƙo ta taga tana yafuto shi. Ya yi tsayuwar da ta kai a dafa gahawa a shanye, sannan ya juya ya koma. Bayan kwana huɗu aka binne Vilho.

Shekara talatin da takwas bayan ranar zafin nan, rediyo ya ce an buɗe takardun. Mutane a birane sun matsa wa gwamnati lamba cewa ana ɓoye musu baƙi daga wata duniya, sai aka kafa wani kwamiti ya zagaya ya saurari waɗanda suka gani. Za su zauna a zauren taron gunduma. Sakari ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce in raka shi, yarena na gwamnati ya ɗan fi nasa. Muka hau bas da gwangwaninsa a cinya.

Zauren ya cika. Akwai 'yan jarida, akwai samari masu gemu da suka yi tafiyar yini biyu da na'urar naɗar magana. Da aka kira sunansa aka karanta masa cewa rantsuwarsa ta faɗi, ya faɗi duk abin da yake so. Suka rufe shi da tambayoyi. Launinsa fa, saurinsa fa, yana da tagogi, ya ga wani a ciki? Ya amsa a taƙaice, daidai yadda ya faɗa mana a bakin tafki, ba ragi ba ƙari. Sannan ya ce shi ba don wannan ya zo ba, takardarsa yake so a karanta.

Wata mata mai tabarau, mai kula da tsofaffin takardu, ta nemo ta a cikin akwati. Shafi uku ne, sun yi ja. Ta karanta a hankali, ina juya masa inda ya gagare shi. A shafi na biyu hafsan ya tambaya me mai shaida ya ci ya sha tun safe. Amsa: gurasa, busasshen kifi, da giya kamar lita biyu. A gefen kalmar giya, da fensir, tafinta ya rubuta kalmar da ya ji daga bakin Sakari, wato kalya.

Na ji Sakari ya ja numfashi a gefena.

Kalya ita ce abin shan yankan ciyawa. Mata ke haɗa ta da tsiron hatsi da ruwa da ɗan sukari, ta kwana ɗaya, a ɗura a gora a tsoma a rafi ta yi sanyi. Yara na sha, Anttila kansa da ita yake sauke gurasa. Ko ganga mutum ya shanye fitsari kawai za ta sa shi. Amma a birni, inda sojan nan ya koyi yarenmu, kalya suke ce wa giyar kwalba. A ƙasan shafin hafsan ya rubuta da jan alƙalami cewa mai shaida ya amsa da bakinsa ya sha giya lita biyu cikin rana, kada a dogara da maganarsa.

Na miƙe na bayyana wa kwamitin mece ce kalya. 'Yan yankinmu da ke zauren suka fara dariya, sauran suka kama, har shugaban kwamitin sai da ya cire tabarau ya share ido. Ba da mugunta suka yi ba. Abin dariya ne in ba a kanka ya faɗa ba.

Matar ta ce akwai shafi na uku, shaidar wani Vilho. Sakari ya ce a karanta. Layi biyar ne. Vilho ya ce ya san Sakari tun yana rarrafe, bai taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, giya kuwa ko a ɗaurin aure ba ya zama kusa da mai ita, kuma in Sakari ya ce ya ga abu to ya gani. A gefe, da jan alƙalamin nan, an rubuta: surukinsa ne.

Sakari ya ce wa shugaban, cikin yarensa na makaranta mai karyewa, “Yallaɓai, kalma ɗaya ce. A goge ta a sa daidai.”

Shugaban ya ce ya fahimta ƙwarai, amma takardar tarihi ce yanzu, doka ba ta yarda a taɓa ko ɗigo a cikinta ba. In yana so ya rubuto bayani, za a duba yiwuwar maƙala shi a baya. Ya gode masa, ya kira na gaba. A mako mai zuwa wata jarida ta buga labarin a shafin ban dariya, da zanen manomi rungume da gora yana kallon jirgin baƙin wata duniya mai kama da faranti a sama.

Ya kai kwafin takardar ɗakin addu'a. Mai wa'azin lokacin ba a haife shi ba sanda abin ya faru. Ya karɓe shi hannu biyu, ya ce masa “Amincin Allah” da ƙarfi don kowa ya ji, ya ce abin da ya wuce ya wuce, ya dawo bencin gaba. Sakari ya ce yana so a miƙe cikin taro a faɗa cewa bai sha ba, kuma an yi masa ba daidai ba. Mai wa'azin ya shawarci dattawa, suka ce waɗanda suka yanke hukuncin suna gaban Ubangijinsu, ba kyau a tono matattu a kai su ƙara. Ba a faɗa ba. Daga cikin mu goman da muka tsaya ranar da aka karɓi littafi, biyu muka rage, ɗayan kuma ya kurmance.

Wurin Hilja ya fi yi masa wuya. Ya ce in zo, na ce wannan ba tawa ba ce, ya ce in zo dai. Muka same ta a kicin tana fere dankali. Ya ajiye shafi na uku a kan tebur. Ta goge hannu, ta karanta, ta tura masa abinsa.

“Ni na haɗa kalyar nan,” in ji ta. “Ni na ɗura maka ita da safen. Da wani ya tambaye ni, ko kai, ko su.”

“Yaya, ban san ita ce ba.”

“Ba ka sani ba. Vilho kuwa ya gaya maka sau uku a tsakar gida, da bakinsa, kana faskare. Sai da gwamnati ta buga hatimi ka yarda? Su ka rantse wa, su ka yi ta rubuta wa, su kuma ka gaskata yau.” Ta ɗauki wuƙarta. “Kullum kana cewa ba ka da abin neman gafara. To ga shi ka samu. Ka san inda yake kwance, layi na huɗu daga ƙofar maƙabarta.”

Ta zuba mana gahawa duk da haka. Muka sha. Ta rayu shekara shida bayan nan, yana kai mata itace kowace kaka, tana karɓa ta ce a ajiye can.

Bayanin da shugaban kwamiti ya ce a rubuto, mun rubuta shi tare, mun aika. Amsa ta zo cewa an karɓa. Da jikar Hilja ta je birni karatu ta nemi akwatin ta duba, ta ce shafi ukun suna nan, ba ta ga na huɗu ba. Samarin nan masu gemu sun zo sau biyu da kayan nutso, sun laluba tafkin ba su samu komai ba, sun ɗauki hotonsa a bakin ruwa.

Sakari Rova yana da shekara saba'in da tara yanzu. Yana gidan tsofaffi na gunduma, ɗaki na sha ɗaya, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa amma hankalinsa garau. Ina zuwa duba shi ranar Alhamis in bas ya zo.